Taku Ɗari Uku da Sha Biyu Zuwa Ruwa

Litinin, 6 ga Maris 1972, bayan la'asar, Gaya

An sa ranar su, kamun kifin shekara. Asabar, ashirin da biyar ga wata, a Tafkin Marke. Wani mutumin Gafasa ne ya tare ni da maganar a bakin makaranta, yana washe baki wai ya kawo min albishir. Na ce Allah ya kai mu, na shiga aji na koyar da lissafi, ni kaina ban san me na koyar ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na huta da juya shi a kai. Tun zamanin kakanmu, goran gidanmu ne ke fara taɓa ruwan tafkin nan ranar su, kuma babba a gidan ne ke kwanciya a kansa da kansa, ba a wakilci. In gida ya yi fashi shekara biyu a jere, sai a ba wani gidan. Bara mun yi fashi, Yaya Maiwada yana kwance a asibiti a Kano. Bana yana gida. Ƙafafun suna nan a jikinsa, sai dai ba sa jin kira.

Kowa a Gafasa ya san wanda ke jiran abin ya faɗo masa. Bala ne, na gidan gabas.

Laraba, 8 ga Maris, da hantsi

Na je wajen Kolo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ya ce zai haɗa min keken guragu da tsofaffin kekuna biyu, mai taya uku, wanda ake murzawa da hannu. Sai da ya gama auna ƙarafa sannan ya ɗago ya ce, "Malam Inuwa, wai ina babur ɗin nan naka? Ko za ka sayar?"

Mutane ba su da ta ido. Na ce masa ya ji da abin da ya kawo ni.

Asabar, 11 ga Maris, bayan magariba, Gafasa

Na iso gida a kan keke, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na wuce zaure ban kalli kusurwar da aka lulluɓe da buhuna ba. Kaji sun mai da wurin makwanci, wari ya ishi kowa, ba wanda ya ce a ɗauke shi.

Yaya yana tsakar gida a kan tabarma, ya jingina da bango, goran su a gabansa yana shafa masa man gyaɗa. Ya rame. Hannayen ne kawai suka ƙara kauri, kamar taɓare. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi matarsa ya ce, "Hure, ce wa Malam sannu da hanya."

Wata goma sha huɗu ke nan haka muke. Ina gabansa, gwiwata na kusa da taɓa tabarmarsa, amma sai maganar ta bi ta wajen Hure. Ita kuwa ta gaji da isarwa, sai dai ta yi tsaki ta ci gaba da tankaɗe.

Na ba su labarin keken. Hure ta ce, "To Malam Boko, ka iya shiri." Da can in ta kira ni haka dariya muke yi, in ce mata ai ni ne mijin na gaskiya, Yaya riƙo yake min. Yau ba wanda ya yi dariya.

Na tambaye ta a madafa, ko da an kai shi bakin ruwan, ta yaya zai yi su? Ta dube ni kamar na yi tusa a masallaci. "Kai dai boko ya cinye ka. Mai gora kifa ciki yake yi a kai, ya tuƙa da hannu. In ya shiga ruwa, shi da mai ƙafa huɗu ma ɗaya ne. Kai shi bakin ruwan shi ne aikin."

Daga tsakar gida muka ji muryarsa. "Hure, ce wa Malam, in ban shiga ruwan nan bana ba, a kai wa Bala goran, a kai masa homar kamun kifin, ni ma a haɗa masa da ni."

Tuwonsa na nan a rufe. Loma biyu ya yi.

Lahadi, 12 ga Maris, da safe

Bala ya shigo gaisuwa, har da ƙwallarsa. Idonsa na kan goran. Tir.

Talata, 14 ga Maris, bayan azahar, Gaya

Akwai wani abokin karatuna da ke aiki a wani ofishi a Kano, inda ake kula da naƙasassu. Ya zo Gaya ganin gida, na tare shi da murnata. Na ce ko suna da wata dabara ta kai mutum irin Yaya bakin ruwa, ko mota, ko wani abin da suka gani a wani wuri. Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. "Su kuma? Haba Inuwa. Gurgu da su? Ka kawo shi mu koya masa saƙar hula, a samo masa inuwa a bakin titi. In ya yarda ma mu ɗauke shi hoto."

Mutumin da ya taɓa fito da giwan ruwa shi kaɗai, sai da maza uku suka kama masa, shi za a zaunar a bakin titi da allura. Na goge kafaɗata bayan ya tafi. Har yanzu ji nake kamar akwai maiƙo a wurin.

Alhamis, 16 ga Maris, bayan la'asar

Keke ya fito. Kolo ya iya aiki, ba zan hana shi ba. Ya sa masa kujerar katako da majingina, ya shafa masa koren fenti. Na hau na zaga bayan rumfarsa, yara suka biyo ni da ihu, na sauka da sauri. Zagaye ɗaya na yi na ji kamar in nutse. Wani kuwa a haka zai ƙare kwanakinsa.

Sau uku Yaya ya faɗa min ranar nan ta babur. Sau uku. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 18 ga Maris, bayan la'asar, Gafasa

Motar 'yan kasuwa ta kawo min keken har bakin gari. Hure da wani maƙwabci suka ɗora Yaya a kai, ni ina riƙe da keken kada ya motsa. Ya murza sau ɗaya, sau biyu, sai ga shi a zaure, sai ga shi a ƙofar gida. Rabonsa da ƙofar gida da ƙarfin kansa tun bara. Ya tsaya yana kallon bishiyar ɗorawar da ke gaban gidanmu kamar baƙo. Na ga bakinsa ya motsa, na zaci da ni zai yi. Sai ya ce, "Hure, ce masa maƙerin ya iya."

Na karɓa haka. Wallahi na ji daɗi, har na ji haushin kaina da jin daɗin.

Inda rairayi ya yi yawa tayoyin kan nutse, sai in tura daga baya. Keken na taɓa. Shi ban taɓa shi ba.

Lahadi, 19 ga Maris, bayan azahar

Kaico. Ni ne jaki, ba kowa ba.

Na je gidan Sarkin Ruwa Kabo, dattijon da ke riƙe da tafkin, don in sanar da shi Yaya zai shiga bana. Ya yi hamdala, ya ce, "Madalla. Da me za ku kai shi?" Na shiga ba shi labarin keke ina hura hanci, taya uku ne, kaza ne. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗan nan, kai ba jikan gidan su ba ne? Tun yaushe ƙarfe ke wuce marke kafin a buɗe ruwa?"

Na sani. Wallahi na sani tun ina yaro. A gindin marken nan kowa ke ajiye wuƙarsa da ƙugiyarsa, har zobe cirewa ake yi, sai goran farko ya taɓa ruwa sannan kowa ya koma ya ɗauki kayansa. Ni na sha zama gadin wuƙaƙen. Shekara goma sha biyar ina cin alli, abin ya fice min fit, na je na haɗa wa babban masuncin garinmu tulin ƙarfe.

Na ce, "Baba, ai lalura ce." Ya ce, "Na san lalura ce, Maiwada ɗana ne. Amma in na buɗe wa keke yau, baɗi wani da amalanke zai zo. Ba ni na kafa ba, ba ni zan tuge ba. Ku kai shi gindin marke a keken. Daga nan ku san yadda za ku yi."

Na je na auna da ƙafata. Daga marke zuwa bakin ruwa taku ɗari uku da sha biyu. Busasshiyar laka ce duk ta tsattsage, bakinta kamar fasasshen tulu, can gaba kuma ɗanya ce, ƙafa na nutsewa har ƙauri.

Ban faɗa a gida ba. Na ce Sarkin Ruwa na gaisuwa.

Litinin, 20 ga Maris, da safe

Ban koma Gaya ba. Na aika wa shugaban makaranta cewa ciki ke damuna. Ba ƙarya na yi ba.

Litinin, bayan la'asar

Ashe Hure ta ji tun jiya a bakin rijiya. Duk gari an sani, ana ta dariyar malamin da ya manta marke. Ta ce Yaya bai ji ba tukuna, ko kuma ya ji ya yi shiru.

Mun gwada jaki a tsakar gida, na ce masa don ko keken zai lalace a hanya. Maza biyu suka ɗora shi. Ba abin da zai matse cikin jakin da shi, jakin na yin taku uku ya zame ta gefe ya faɗo a kan kafaɗa. Ya kakkaɓe hularsa ya mayar. Ni ina tsaye riƙe da igiyar jaki kamar gunki.

Rarrafe ba ya cikin lissafi. Hure ta ce ko ƙaya ta soke shi ba ya ji, sai dai ta ga jini a tabarma, kuma ciwo in ya kama ƙafar sai ya yi wata biyu bai rufe ba. Lakar nan yanka shi za ta yi gunduwa-gunduwa.

Talata, 21 ga Maris, bayan azahar

Bala ya same ni a ƙofar gida da shawara. Ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Malam, abin nan ya hana ni barci. Na ce me zai hana a ari makarar masallaci? Ita ai ba ƙusa ko ɗaya, zallar itace da igiya. Samari huɗu su ɗauka, ni ma sai in kama."

Makara. A ɗauki ɗan'uwana da ransa a kan abin ɗaukar gawa, a ratsa da shi ta tsakiyar jama'ar ƙauyuka bakwai, shi kuma ya kama masa kusurwa. Na dubi bakinsa, goro ya yi masa ja a gefe. Na ce, "Allah ya saka, Yaya Bala. In taka ta zo ni ma zan kama." Ya yi kamar bai gane ba.

Abin takaicin, bayan ya tafi sai da na zauna na auna maganar. Har na ce a raina ai gaskiya ne, ba ƙusa. Allah wadaran hali irin nawa.

Na tuntuɓi Yaya ta bakin Hure, ko zai yarda samari su ɗauke shi a cikin bargo. Ya ce, "Ce masa ni ba buhun gyaɗa ba ne. Wanda duk ba jinina ba, kada ya taɓa ni gaban mutane."

Jininsa namiji guda nawa ne a duniya? Na tashi na fita duba tayoyin keke.

Laraba, 22 ga Maris, bayan magariba

Na sami dabara. In ba a ga ƙarfe ba, ai ba ƙarfe. Na samo fatun awaki uku wajen dukawa, da tsummoki, da igiyar rama. Tun hantsi nake bayan gida ina naɗe keken, sanda-sanda, har wayoyin taya. Yanzu in ka gan shi sai ka rantse da itace da fata aka yi shi. Gobe Sarkin Ruwa zai je duba tafki, zan kai Yaya gwaji a gabansa. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni.

Na ce wa Hure ta ce masa an daidaita da Sarkin Ruwa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta je ta faɗa.

Ya cinye tuwonsa yau. Har ya nemi ƙari.

Alhamis, 23 ga Maris

Ba zan iya ba yau.

Juma'a, 24 ga Maris, da hantsi

To. Jiya.

Muka isa gindin marke, akwai dattawa kamar goma da Bala a cikinsu. Yaya ya gaishe su daga kan keken, fuskarsa a sake, rabon da in ga haƙoransa na manta. Na tura shi muka wuce marken da taku biyar. Sarkin Ruwa ya ce, "Dakata." Ya tako a hankali, ya zaga keken, ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa wajen taya. Ƙarar ta fito ƙal, har tsuntsaye suka tashi. Wani ya tuntsure da dariya, sauran suka kama.

Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ni ma bai ko kalle ni ba. Ya kalli Yaya ya ce, "Maiwada. Har da kai?"

Mutumin da shekara talatin ko allura bai taɓa wucewa da ita marken nan ba. Na ga fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Baba, an ce min ka yarda." Sai ya kama abin murzawa ya ja keken da baya da kansa, tsummokarana na warwarewa suna ja a ƙasa, har ya koma bayan marke. Bai bari na tura shi ba har gida. Inda rairayi ya riƙe shi ya yi ta fama, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke, ina biye da shi hannuwana a sake.

Karo na biyu ke nan ya yarda da ni ya hau abin da na kawo.

Juma'a, bayan la'asar

Gobe ne. Ya sa Hure ta ɗaure goran da homar wuri ɗaya ta ajiye a zaure, wai da safe a miƙa gidan gabas. Ya juya fuska bango. Ko masallaci bai ce a kai shi ba.

Hure ta same ni ina kwance fatun daga jikin keken. Ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu, ba Malam Boko, ba komai.

"Inuwa, kai wane irin mutum ne? Ka nemo maƙeri, ka nemo jaki, ka nemo bargo, saura kaɗan ka nemo makara. Kowa da komai ka nema ya ɗauki yayanka, ban da kai. Bayan nan naka na ado ne?"

Na ce ba zai yarda ba.

"Ka tambaya?"

Na ce ba ta gane ba. Na ce rabon da ya zauna a bayana ya riƙe ni...

Ta ce, "Na sani. Duk Gafasa an sani, har kajin zaure sun sani. Ka zaci don ka karya shi yake fushi da kai? Wannan ya bar wa Allah tun yana asibiti. Wata goma sha huɗu ni ke ɗaga shi, ni ke juya shi, ni da maƙwabta. Kai sai ka zo ka durƙusa daga nesa kamar mai gaida kuturu, ka ajiye tsaraba ka gudu. Ƙyamarsa kake yi?"

Na ce wallahi ba shi nake ƙyama ba.

Ta ce, "To shi bai san haka ba." Ta shige ciki.

Asabar, 25 ga Maris, bayan magariba



Da gari ya waye na ɗauko goran da homar daga zaure na ɗaure a bayan keken. Na shiga ɗakinsa, ban bi ta wajen Hure ba. Na ce, "Yaya, ni zan goya ka." Can ya ce, "Hure, miƙo min wandon su."

A gindin marke jama'a ba masaka tsinke, har daga Ajingi da Kademi, kowa da goransa a ka, makaɗa na ta yi. Wuƙaƙe jibge a ƙasa. Na cire agogona na jefa a cikinsu. Bala na tsaye a gaba, goransa ya sha mai yana ƙyalli. Da ya gan mu bakinsa ya saki.

Na juya wa keken baya na tsuguna. Hure ta ɗago shi, ya zubo hannuwansa ta wuyana, ta kawo zaninta ta ɗaure mu tare ta ƙugu don ƙafafun kada su ja ƙasa. Na ji wasu na ƙunshe dariya, malamin makaranta da goyo da zanin mace. Su ƙarata. Na miƙe. Ya fi yadda na zata rashin nauyi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kiɗa ya tsaya. Na riƙa ƙirga taku. A wajen ɗari biyu takalmina ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi nan. Numfashinsa na bugun kunnena. Hure na biye da mu da goran a ka. Da ruwa ya kai min gwiwa ta aza goran, na sunkuya, ta kwance zanin, ya zame ya kifa ciki a kai. Ya yi bisimilla ya tuƙa da hannu sau ɗaya.

Wallahi kamar ba shi ba. Ya yanki ruwan nan ya yi tsakiya, homa a hannun dama, ya nutsa ta ya ɗago, sai ga tarwaɗa tana fisge-fisge. Sarkin Ruwa ya ɗaga sanda, jama'a suka ruɗe da ihu suka afka. Aka bangaje ni na zauna daɓas a cikin laka, ban ma yi yunƙurin tashi ba. A cikin ɗaruruwan kawunan nan ba mai iya nuna maka wanda ba shi da ƙafa.

Da aka tashi, waɗanda suka yi mana dariya shekaranjiya su ne kan gaba wajen kirari. Bala ma ya matso yana miƙa baya, wai a ba shi ya kama ladan. Yaya ko kallonsa bai yi ba, ya ɗaga min hannuwa.

Agogon ban same shi ba. Wani ya yi gaba da shi. Ya je ya yi ta duba lokaci.

Lahadi, 26 ga Maris, da hantsi

Na yaye buhunan zaure daga kan babur ɗin. Kashin kaji ya cinye kujerar, ƙahon na nan a lanƙwashe yadda ya daki kututturen nan na hanyar Kademi. Na aika wa Kolo ya zo ya ɗauka.

Akwai abin da na tsallake jiya. Mun bar marke da taku kamar ashirin, ina sauri don in fice daga idon mutane, sai ya matse wuyana ya kawo bakinsa kunnena. Ba Hure, ba ce masa. Abin da ya faɗa min sau uku a kan babur ranar nan, ina dariya ina ƙara wuta, shi ya sake faɗa.

"Inuwa, sannu-sannu. Kada ka yi gudu da ni."

Na ce, "To, Yaya."